Kullen da Na Yi wa Guntuwa

Daga Dutsin-Ma, ranar Laraba da hantsi

Zuwa ga Maigida, mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uwargida ga maigidan da ya tattara kayansa zai bar ta. Allah Ya sa takardar nan ta same ka zaune a ɗakinka na Kano cikin ƙoshin lafiya, ba tsaye a gefen titi da murfin inji a ɗage ba. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa ka shiga aikin nan da ƙafar dama, Ya haɗa ka da manya masu tausayi da maƙwabta masu amana. Amin.

Na cusa takardar a ɗan akwatin gaban mota, ƙarƙashin ledar dabino da aya, don tun ranar da uwarka ta kawo mini kai yaye daga Kurfi na san inda abinci yake, nan hannunka ke fara zuwa. Rubutuna ne da kaina. Iyakar karatuna ajin yaƙi da jahilci, saboda haka in ka ga wani harafi ya kwanta, gajiya ya yi, ka bar shi ya huta. Sunanka kuwa ba za ka gan shi a nan ba. Sunan kakanka aka sa maka, ban faɗe shi yana raye ba, ba kuma zan fara rubuta shi yanzu don ka yi digiri ba.

Iyayenka sun riga sun yi maka nasiha a kan salla da abokai da 'yan matan birni, ina tsakar gida ina jin su. Ni tawa a kan mota ce. Na ba ka Guntuwa, kuma ba na so ka kashe ta yadda na yi ta ƙoƙarin kashe ta har damina huɗu Allah bai ba ni sa'a ba. Kai lokacin kana ɗakin kwanan jami'a, daga nan ka wuce bautar ƙasa, abin da ka sani kawai shi ne motar Kaka tana yawan zuwa gareji. Abin da Baffanka Salisu ya sani kuwa shi ne wai 'yan Kwatano sun sayar masa da mota mai lalura. To, yau zan faɗa maka gaskiya, amma in ta fita daga bakinka zuwa kunnen Baffanka, ka nemi wata matar.

Ranar da ya kawo ta, mutanen unguwa sun fito kallo. Ga ta ƙarama, fara, sumul, sai dai ba wutsiya, kamar an sa wuƙa an datse bayanta, ƙofar baya kuma sama ake ɗaga ta. Nan take na raɗa mata Guntuwa. Da aka tashe ta sai muka ji tana ƙara kar-kar-kar kamar ƙaramar tarakta. Malam Bala maƙwabcinmu, wanda ya yi ritaya daga tuƙin motar ƙaramar hukuma, shi ne zai riƙa ja na. Ya kasa kunne ya ce, "Hajiya, wagga ai gas take sha." Na ce gas kuma, irin na tirela? Baffanka ya ce e, ba ta shan mai da yawa, tanki ɗaya sai ya kai ni Katsina ya dawo da ni sau nawa. Na ce madalla. Na ji maganar, amma ban ajiye ta inda ya kamata ba.

Ba a yi wata uku ba aka yi bikin jikar yayata a Rawayau. Muka cika Guntuwa da alkaki da nakiya da ni da Hajiya Kulu aminiyata, wadda ita kaɗai kujera biyu take ci. Da la'asar za mu dawo, Malam Bala ya dubi allura ya ce mai ya yi ƙasa, amma zai kai mu Kurfi mu sha a can, bari ya yi salla. Ya tafi masallaci ya bar mini makulli. Ni kuwa ka san ni da son a ce na iya. Na hango wani mai bumburutu gindin bedi da jarkokinsa, na yafito shi, na ce, "Malam, zuba mana mai galan biyu." Mai na ce. Shi kuma ya ga ƙaramar mota, mutumin da duk rayuwarsa babura yake ba mai, me zai zuba in ba fetur ba? Har da sa tsumma a bakin mazurari don kada datti ya shiga, Allah Ya saka masa. Malam Bala ya dawo, na ce masa a tafi, ban faɗa masa komai ba, ina jira ya ga allura ta tashi ya yaba mini.

Ya ga allurar kuwa. Muna fita gari ya ce, "Ikon Allah, mai ya ƙaru." Na ce, "Albarkar biki ce." Hajiya Kulu ta ce amin.

Ba mu yi nisa ba Guntuwa ta fara tari. Ta yi ƙwas-ƙwas, ta yi tsalle biyu kamar akuyar da aka ɗaure ƙafarta, ta saki wani farin hayaƙi, ta tsaya cak tsakiyar gonakin gero. Malam Bala ya fita, ya buɗe bakin tanki, ya shinshina. Sannan ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, albarkar nan galan nawa ce?"

Da amalanken shanu aka ja mu zuwa Kurfi. Ni da Hajiya Kulu muna ciki, mun ƙi fita, shanu biyu suna jan mu a hankali, mutanen da ke dawowa daga gona suna ce mana sannunku da hanya. Mai amalanken ya ce bai taɓa ɗaukar kaya masu ba shi alkaki ta taga ba. Da muka shiga Kurfi na ja mayafi na rufe fuska don kada a kai wa babanka labari, ashe duk garin sun san Guntuwa.

Washegari aka kai ta wajen Audu makanike, mai gareji a bayan kasuwar nan Dutsin-Ma. Ka riƙe sunansa, lambarsa tana bayan takardar nan. Ya zubar da duk abin da ke cikin tanki, ya canza matatar mai, ya ce an yi sa'a famfon bai ci kansa ba. Wai gas yana da maiƙo, shi ke shafe cikin famfon, fetur kuwa wanke maiƙon yake yi tas, ƙarfe ya riƙa goge ƙarfe. Da mun ƙara tafiya kaɗan, in ji shi, da sai dai a yi wa Guntuwa ta'aziyya.

Saboda haka, Maigida, in ka shiga gidan mai kada ka ce mai. Ka ce gas, ka sake cewa gas, ka fito daga mota ka tsaya a kan mai zubawa har ka ga wane tiyo ya ɗauko. Duk wanda ya ga ƙaramar mota hannunsa fetur yake nufa, ba mugunta ba ce, sabo ne. Kada ka zauna ciki kana latsa waya kamar yadda kake yi in ina maka magana. In kuma tsautsayi ya sa an zuba, ko makulli kada ka murza. A tura ta gefe a zuƙe. Kunyar turi ta yini ɗaya ce. Ni har yau in na je Rawayau sai an tambaye ni ina shanuna.

Kana tsammanin na yi hankali daga nan? Na dai koyi cewa gas take sha. Sai na ce to, ai Malam Iro mai injin niƙa na bakin layinmu gas yake zuba wa injinsa, kuma nasa ya fi na gidan mai sauƙi. Na riƙa aikawa ana ɗebo mini a jarka in Malam Bala ya tafi gona. Na ce injin niƙa ya shekara nawa yana sha bai taɓa ƙorafi ba. Bayan 'yan makonni Guntuwa ta fara rawar ɗari in tana tsaye, da safe sai an yi ta lallashi kafin ta tashi, hayaƙinta ya yi baƙi. Audu ya ciro matatar, ya zazzage ta a kwano a gabana. Ga ruwa, ga yashi, ga warin kalanzir. Ya ce, "Hajiya, injin niƙa ko kunun kanwa kika ba shi zai sha. Wagga kuwa 'yar gata ce." Ya nuna mini wasu ƙarafa huɗu da yake kira nozul, su ke fesa gas cikin inji, ya ce hudar bakinsu ta fi kafar allura ƙanƙanta, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe ta. Biyu sai da aka canza su. Na ce wa Baffanka halin kayan Kwatano ke nan, ya ce wallahi kuwa Inna.

Ka samu gidan mai ɗaya wanda manyan motoci ke yawan sha, ka manne masa. Kada ka bar tanki ya kai ƙasa, don duk dattin can yake kwanciya. Matatar mai kuma a riƙa canza ta tun ba ta yi kuka ba. Baƙin man inji ma ba kowanne ba, Audu ya rubuta maka irin nata, in mai shago ya ce maka ai duk ɗaya ne, ka ce masa kakarka ma ta taɓa faɗin haka.

Akwai wata 'yar fitila a gaban direba mai kama da taliyar da aka murɗe. In ka murza makulli rabi za ta kama. Ka jira taliyar ta mutu kafin ka tayar, musamman da sanyin safiya, ɗumama cikinta take yi. Ni da nakan ce wa Malam Bala, "Wai tasbihi kake ja ne? Tashe ta mana, za a sallame layin asibiti." Bawan Allah sai ya murza, ita kuma ta yi ta gurnani har batir ya gaji. In kun yi doguwar tafiya kuma, kada ka kashe ta kana tsayawa. Akwai wani abu a cikinta mai juyawa da gudu yana hura mata iska, yana so ya huce a hankali. Ka ba ta gwargwadon Fatiha da Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Ka ga ka samu lada, ita ta samu numfashi. Ƙafarka kuma ka ɗauke ta daga kan kuloci in ba giya za ka canza ba, na ga yadda kake ɗora ta kamar ka samu matashi.

Yanzu ga babban laifin, wanda saboda shi na ɗauki biro.

Bayan abin Rawayau sai na tsorata. Na kafa doka: Guntuwa ba ta fita gari. Daga gida sai kasuwa, sai asibiti awon jini, sai gidan Hajiya Kulu da ke bayan masallacin Juma'a. Ko'ina kafin ka gama cin goro ɗaya an isa. In biki ya kama a nesa, sai in hau motar haya in bar ta a gida a rufe da tsohon zanen gado. Gudu kuwa na hana. Ina zaune bayan Malam Bala da maficina, da na ga allura ta ɗaga kai sai in taɓa masa kafaɗa. Har masu Keke Napep sun san mu, in sun hango mu sai su ratse su wuce suna gaishe ni. Ni a zatona adana ta nake yi.

Wani lokaci in mun dawo gida sai in ji fankarta tana ruri, ga wani ƙauri yana tashi daga ƙarƙashinta. Sai in ce, "Kashe, Malam Bala, kashe, za ta kama wuta." Rannan har na sa matan maƙwabta suka fito da bokitai. Aka yi ta haka har wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta fito, mai kama da rariya. Malam Bala ya ce a kai wa Audu. Ni kuwa saura kwana uku Salla, Baffanka zai zo, in ya ga fitila zai fara tambaya, in ya fara tambaya zai kai ga Malam Iro mai niƙa. Na shiga ɗaki na yanko filasta, irin wadda nake manna wa kaushina, na liƙe fitilar. Na ce, "Ga shi nan, ta mutu." Malam Bala ya dube ni ya dubi filastar ya ce, "Allah Ya ba mu lafiya."

Salla ta wuce lafiya. Baffanka ya ga filastar ya tambaya, na ce gilashin ne ya ɗan tsage.

Sai ga sunan jikan ƙanwata a Kutawa, wannan kuwa dole in je da mota, don ni ce babbar kaka kuma akwai turmin atamfa da buhun shinkafa. Muka kama hanya. Muna barin kwalta Guntuwa ta yi sanyi. Ba ta mutu ba, amma ƙarfi ya tafi. Malam Bala ya taka totur har ƙasa, ita kuwa tana tafiya kamar mai tsohon ciki. Wani dattijo a kan keke ya wuce mu ya ce salamu alaikum. Can gaba ya tsaya ya yi alwala a bakin rijiya, muka wuce shi. Ya gama, ya hau, ya sake cim mana, ya ce, "Hajiya, ko in kai muku saƙo gaba?" Na ce ya ce musu a ajiye mini waina. Da muka isa an raɗa suna, an yanka rago, an soya, har masu kiɗa sun naɗe kayansu. Amma an ajiye wainar, dattijon ya cika alkawari.

Audu da ya ga filastar bai yi dariya a gabana ba, yana da tarbiyya. Ya zaga bayan gareji ya yi ta a can, ina jin sa. Ya dawo ya ɓamɓare ta, ashe fitilun sun zama uku, har taliyar tana ƙyaftawa. Ya jona wa motar wata na'ura kamar likita, ya karanta, sannan ya ce, "Hajiya, ina kuke zuwa da ita?" Na lissafa masa. Ya ce, "Sai ina?" Na ce shi ke nan. Ya ce, "To motarki ba ciwo gare ta ba. Kulle ne ya yi mata yawa."

Na ce, "Kai Audu, ni na yi kulle shekara talatin a gidan Malam, ban toshe ba."

Malam Bala ya ce a hankali, "Ke ai ta katanga kike fitar da naki hayaƙin, Hajiya." Matarsa ce abokiyar hirata ta katanga, ya san abin da yake faɗa.

Audu ya yi mini bayani yadda zan gane. Wai irin waɗannan motocin na zamani masu shan gas, an sa musu rariya a cikin salansa, tana tare baƙin hayaƙi don kada mutane su shaƙa. Rariyar tana cika. Motar da kanta take ƙone abin da ya taru, amma sai ta yi zafi sosai, ta samu titi miƙaƙƙe ta yi gudu na wani lokaci ba tsayawa. Wannan rurin fanka da ƙaurin da nake ji, ashe ta fara wanke rariyarta ke nan, ni kuma in ce a kashe. Kullum ta ɗora tukunya sai in janye itacen. Da rariyar ta cika maƙil, sai motar ta rage wa kanta ƙarfi don kada ta halaka, abin da ya same mu a hanyar Kutawa ke nan. Akwai kuma wata ƙofa a inji da hayaƙi ke komawa ta ciki, ita ma ta yi kauri da baƙi kamar gindin tukunya, sai da ya kwance ta ya wanke.

Ya yi abin da zai yi da na'urarsa, motar ta yi ta ruri a gareji, sannan ya ce saura magani na ƙarshe, sai an kai ta Kankiya an dawo da gudu. Na ce ba a fita da motata ba ni. Ya ce to in shigo, amma a bar maficin a gareji. Ya buɗe mini gidan gaba, ya ɗaura mini bel.

Maigida, tun da aka haife ni ban taɓa zama gaban mota ba. Muna barin gari Audu ya sa giya ta huɗu ya taka. Na runtse ido, na karanta duk abin da na haddace, har addu'ar shiga kasuwa. Can na ji ƙarar nan ta kar-kar-kar ta ɓace, Guntuwa ta koma wani irin guɗa siriri. Na buɗe ido ɗaya. Damina ce, gero ya yi kai, duwatsu sun yi wanka, titi ya miƙe kamar an shimfiɗa zane. Na buɗe ɗayan. Muka cim ma wata motar haya, Audu ya wuce ta, na ga fasinjoji suna kallon tsohuwa a gidan gaba. Na ɗaga musu hannu. Kafin mu kai Kankiya Audu ya nuna mini da yatsa ya ce, "Hajiya, dubi rariyarki." Fitilar ta mutu da kanta, ba filasta. A hanyar dawowa ya ɗan sassauta, na ce, "Audu, mi ya faru, ƙafarka ce ke ciwo?"

To, da na ambaci ƙafa, bari in sauke kayan gaba ɗaya.

Ka tuna makon da aka kira ka aikin nan na Kano, ƙafata ta tashi? Ka tuna ina ɗingishi ina dafa bango, kana shafa mini man zafi, har ka ce wa babanka za ka haƙura da aikin ka zauna shagon hatsin Baffanka a kasuwa don kada a bar ni ni kaɗai? Ƙafata lafiyarta lau. Ko cizon sauro babu. Ranar Talata ta dama na ɗingisa, ranar Alhamis na manta na koma ta hagu, matar Malam Bala ta gani ta katanga ta ce, "Hajiya, ciwon naki yawo yake yi?" Na ce irin na zamani ne. Kai kuwa da digirinka ba ka lura ba, kana ta shafa wadda na miƙo maka.

A cikin kwanakin nan ne muka je Kankiya da Audu. Da muka dawo na shigo gida na tarar da kai zaune a zaure, ka kifa waya, ka yi tagumi, kana kallon ƙasa. Yaron da in yana gida ba a jin kiran salla don surutu. Na tsaya na dube ka, sai na ga zanen gadon da nake rufe Guntuwa da shi ne kawai babu a kanka. Shi ya sa washegari ka ga na tashi garau har da shara, na ce man zafin nan naka na Kaduna ne ko na Makka. Shi ya sa kuma na kira Baffanka na ce mota ta Maigida ce, ya kama bakinsa. Ka yafe mini kwana taran nan da na ci maka. Tsoron shirun gida ne ya sa ni, ba wani abu ba. Kai kuma ka koya daga nan: in wanda kake so ya ce maka zauna, ka dubi ƙafar da yake ɗingisawa da kyau.

Yanzu ka saurara, don nan ne maganar take. Kano gari ne na cunkoso. Daga ɗakinka zuwa wurin aiki, an ce mini, tafiya ce ta taka ka tsaya, taka ka tsaya. Wannan kulle ne shi ma, sai dai na birni. Rariyar Guntuwa za ta cika. In fitilar ta fito kada ka yi abin da na yi, ko da yake na san ba ka da kaushi balle filasta. In ka isa gida ka ji fanka na ruri, kada ka kashe, ka ƙara zagaye da ita har ta yi shiru. Wani makanike a can zai ce maka kawo a fasa rariyar a jefar kowa ya huta. Kada ka yarda. Hayaƙin da take tarewa a hancin 'ya'yan mutane zai sauka, kuma ni ina da nawa dalilin.

Maganinta ɗaya ne, doguwar hanya. Na tambayi Audu ko daga Kano zuwa Dutsin-Ma ya isa, ya ce ya isa har ya yi yawa. Saboda haka duk mako biyu, ranar Asabar da sassafe, ka jira taliya ta mutu, ka kamo hanyar Kankiya, da rana tsaka kana nan. Ka kwana ɗaya, ka leƙa iyayenka a Kurfi, Lahadi da hantsi ka juya tun rana na sama, ban yarda da tafiyar yamma ba. In ka kira Audu ya ce maka sau ɗaya a wata ma ya wadatar, ko ya ce titin Zariya ma zai yi, kada ka saurare shi. Makanike ne, abin da na'urarsa ta nuna masa kawai ya sani. Ni na zauna da motar nan damina huɗu, na san hanyar da ta fi so.

Ba na neman tsaraba. In dai ka ga dama, gurasa ba ta da nauyi.

Allah Ya kiyaye ka a hanya da gida, Ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya sa albarka a abin da za ka samu, Ya ba ka mata mai haƙuri da ci irin naka, amma ba yanzu ba, ban gama da kai ba. Malam Bala yana gaishe ka, ya ce kafaɗarsa ta huta. Hajiya Kulu ta ce a gaya maka kujerunta biyu amana ne. Allah Ya jiƙan mai sunanka, Ya sa mu gana da alheri.

Wassalam. Taka har kullum,

Uwargidanka, Kaka

Na manta. Asabar ɗin farko ka zo da gas isasshe, kada ka ce ka gaji. Ina da unguwa a Kankiya. Ban san kowa a can ba, amma gidan gaba nawa ne, kuma na ba matar Malam Bala maficin.